Darasin Ginin Tukwane

Satumba, 1987

Baba,

Ina gaisuwa. Ya shanu, ya gwiwar nan taka?

Ka ji abin haushi: wai ba za a ba ni digirin kiwo ba sai na yi darasi ɗaya a fannin zane ko kiɗa. Dokar kwalejin ce, dole kowa ya leƙa fannin da ba nasa ba. Ajujuwan duk sun cika, saura na ginin tukwane. Ni da yumɓu! Zan daure dai, in gama a Mayu in dawo gida jihar Wisconsin mu riƙe gonar tare, yadda na yi maka alkawari ranar da muka binne Mama.

'Yarka,
Marnie

Oktoba

Marnie,

Shanu lafiya, gwiwa da sauƙi. Yanzu kwaɓa laka kika je koyo har kwaleji? Ai da kin faɗa, tana nan jibge bayan garke. Ki gina musu tukunyarsu su sake ki. Na sa a ajiye mana talotalon da za mu ci tare a Bikin Godiya, in kin zo hutun Nuwamba. Tun tafiyarki a tsaye nake cin abinci, zama a teburin ni kaɗai ba daɗi.

Babanki

Nuwamba

Baba,

Gaisuwa da ban haƙuri. Ba zan samu zuwa bikin ba. A hutun za mu gasa tukwane, wutar kuwa ba a barinta, bi da bi muke zuba mata itace har ta gama. Ba tilasta ni aka yi ba, ni na roƙa. In na ɗora hannu a kan yumɓu sai in manta da yunwa.

Marnie

Maris, 1988

Baba,

Ina gaisuwa. Na ga katinka na Kirsimeti, nauyin amsawa na yi ta ji. Malamarmu ta samo mini gurbin koyon aiki wajen wani maginin tukwane can nesa a jihar Oregon, daga Yuni. Ina so, Baba, so na gaske. Amma in ka ce in dawo, zan dawo.

Marnie

Afrilu

'Yata,

Na gode da kika tambaya. In na ce ki dawo, kullum zan riƙa ganinki a garke hankalinki na wani wuri. Ki tafi. Na yi magana da maƙwabcinmu Arlen, zai saye shanun bayan kaka.

Kada dai ki ce in yi murna tukuna. Ina kewarki, kuma gidan ya yi mini girma.

Allah ya kiyaye hanya.

Babanki