Wane Maciji Ne Zai Zauna a Shogilas ɗin Maiɗakina?

Hajiya Ummuhani, assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki, yaya iyali? Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Duk wanda na tunkara da maganar nan a garinmu, ko dai ya riƙe ciki yana dariya, ko ya ja da baya yana a'uziyya. Ki sakaya sunana.

Ni mai aski ne a Makarfi, shagona na kan hanyar shiga kasuwa. Lafiya lau nake sana'ata har bara, da wani Safiyanu ya buɗe nasa shagon daura da nawa, ya kafa ƙatuwar talabijin yana nuna ƙwallo. Askinsa kuwa, Hajiya, ba hassada ba, kya ce akuya ce ta yi kiwo a kan mutum. Amma samari suka koma can kaf, aka bar ni da dattawa masu gyaran gemu, su ma sai ranar Juma'a.

Ina cikin wannan zullumi sai na ga a waya wani mai shago a ƙasar waje ya ajiye maciji a akwatin gilashi, mutane sun yi layi suna kallo. Na ce alhamdulillahi, ga abin da Safiyanu ba zai iya kwaikwaya ba, mutumin da ko ƙadangare ya gifta sai ya ɗage ƙafa.

Saura akwati. To a ɗakin maiɗakina akwai shogilas, irin wanda mata ke jera tangaran a ciki, mai hawa uku da ƙofa mai zugewa. Tunda aka kawo ta ban taɓa ganin an ci abinci a kwano ɗaya na cikinsa ba, gogewa kawai ake yi a mayar. Na taɓa neman kofi ɗaya in ba baƙo ruwa, kallon da aka yi min har yau ban manta ba. Sai na ga ai zaman banza yake yi. Ranar da ta tafi suna Paki, garinsu, na kwashe kayan a tsanake na zuba a buhun masara, har da sa tsumma a tsakani. Wallahi ko ɗaya bai fashe ba, in banda wani murfi, shi ma da ma da alamar tsagewa. Na ɗora shogilas a amalanke sai shago. Na cire katakon hawa ɗaya, na zuba yashi, na sa reshen mangwaro da fasasshiyar tukunya don ɓuya, na zuba ruwan sha a ɗaya daga cikin kwanukan nata, tunda dai ɗan wurin ne.

Ashe tare za ta dawo da Gwaggo Kulu, ƙanwar mahaifinta, wadda ita ta yi mata jeren da hannunta. Suna shiga ɗaki suka ga bango fayau, sai shatin inda shogilas ya zauna. Gwaggo ta dasa salati, ta zaci ɓarayi ne. Na kwantar mata da hankali na yi bayani dalla-dalla, har na kunna mata bidiyon. Da na sani ban kunna ba! Ko mayafi ba su cire ba suka juya Paki, buhun na kan Gwaggo.

Ga inda nake neman shawararki. Ɗan'azumi gardi, mai wasa da macizai ranar kasuwa, ya ba ni zaɓi. Akwai 'yar mesa, ya ce ita mesa ba ta wuce girman gidan da aka sa ta, da ta ga wuri ya cika sai ta daina girma. Akwai kasa, zanen jikinta kamar atamfa, ba ta son yawo, kuma a gabana zai cire mata haƙora. Sai damatsiri, koren nan siriri da ake gani a gonar rake. Shi ba ruwansa da kowa, amma ni dai ina ganin ba shi da kwarjini, samari za su raina shi.

Ban ɗauki ko ɗaya ba tukuna, amma abin mamaki shago ya cika maƙil. An baza cewa macijin na ƙarƙashin yashi, har wasu na rantsuwa sun ga yashin na motsi. Wani dattijo ya zabura ina tsakiyar gyara masa saje, kilifa ta yi masa hanya har ƙeya, dole muka koma tal-kwabo. Ni dai ban ce akwai ba, ban ce babu ba. Sai dai labarin ya isa Paki da ƙari, wai macijin tsafi na ajiye, har surukina ya aiko cewa 'yarsa ba za ta zauna da mai kiwon irin wannan abu ba. Ni da jam'in asuba ba ya wuce ni!

Hajiya, gidan ya yi min faɗi. Ina kewarta ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. In na kira wayarta sai dai ta yi ta ƙara har ta tsinke. Tunanina shi ne in na samu maciji mai hankali, ɗan madaidaici, wanda zai zauna cif a shogilas ɗin, ta zo ta ga yadda na ƙawata shi, za ta huce. Wanne kike ganin ya dace?

Naki cikin damuwa,
Mai Kilifa, Makarfi.

*

Wa alaikumus salam, Mai Kilifa. Na sakaya sunanka kamar yadda ka roƙa, kodayake ban san masu aski nawa ne a Makarfi ke da yashi a shogilas ba.

Mu fara da macizan, tunda su ka tambaya. Mesa ba ta auna ɗaki kafin ta girma. Za ta fi ka tsawo, abincinta kuma zai tashi daga ɓera ya koma kaza. Kasa kuwa kada ma ka sake kawo sunanta. Haƙoran da aka cire suna sake tsirowa, ba za su aiko maka da sanarwa ba, dafinta kuma na kisa ne. Damatsiri ya fi su sauƙi, amma tsagar ƙofa mai zugewa ta ishe shi fita, kwaɗi da ƙananan ƙadangaru yake ci, sannan ba kowane koren maciji ne damatsiri ba. Shi kansa shogilas don kwanuka aka ƙera shi, ba iska, ba faɗi. In rufin shagonka ya ɗauki zafin bazara, dabbar dahuwa za ta yi a ciki, alhakinta na wuyanka. Mutanen da ka gani a waya suna da akwati na musamman, da macizan da aka ƙyanƙyashe a hannu, da likitan dabbobi kusa. Amsarka ita ce ba ko ɗaya.

Ban ga laifinka ba da ka tashi neman hanyar riƙe sana'arka, kuma na yarda ba tsafi a ranka. Amma shirun nan da kake yi wa masu leƙen yashi yaudara ce, shi ne kuma yake ƙara wa jita-jitar ƙarfi. Ka juye yashin a ƙofar shago da rana tsaka, kowa ya ga ba komai. In jama'a kake so, ka sa benci a inuwa, da randar ruwan sanyi, da wurin cajin waya.

Ita ma maiɗakin naka da ta ɗan tsaya ta saurare ka, da ya fi. Sai dai ka sani kayan ɗaki nata ne, ba naka ba, kuma ba don cin tuwo aka jera su ba. Iyayenta da danginta ne suka tara mata, kowane kwano da wadda ta kawo shi. Baƙuwa in ta shigo, nan take fara kallo ta san 'yar gata ce. Wannan ka zuba a buhun masara, gwaggonta kuma ta gani da idonta.

Ka wanke shogilas tas, ka mayar da katakon, ka nemo murfi irin wanda ya fashe, ka kai komai inda ka ɗauko. Kada ka ce za ka jera da kanka, ba aikinka ba ne. Ka roƙi Gwaggo Kulu ta zo ta sake jeren. Sannan ka ɗauki wani babba a danginka, ku riƙe goro, ku tafi biko. Ka zaɓi ranar kasuwa, ranar da ka fi samun aski, ka sa wa shago kwaɗo tun safe. Matarka ta fi kowa sanin abin da wannan rana take a wurinka, ba sai ka yi dogon bayani ba.

Allah ya sanyaya zuciyarta, ya dawo da ita ɗakinta lafiya, ya sa albarka a sana'arka.

Hajiya Ummuhani