Yashin da Maman Ladi Ta Wanke

Laraba, bayan isha'i

Ashe tokar da nake zuba wa kyanwata Dije ta yi kashi a ciki ce ke shaƙe mata ƙirji, in ji likitan dabbobi. Mu a Funtuwa haka muke yi.

Shekaranjiya na dawo daga Abuja na tarar Maman Ladi, wadda na bar wa Dije duk da kullum muna faɗa a famfo, ta wanke yashin da zai maye gurbin tokar sau huɗu kamar gero, ta shanya.

"Ungo, Malam, ba ƙura. Ba don kai na yi ba, tarinta ke hana ni barci."

Bakinta ba daɗi, amma Allah ya saka mata. Yau Dije ba ta yi tari ba. Gobe ko bokitina matar nan ta tsallake, ba zan tanka ba.