Tafin Hannuna a Jikin Bango

Asabar, da dare.

Ƙafafuna ciwo suke, amma zuciyata fes. Yau aka buɗe sabon ɗakin gwaje-gwaje a tsohuwar makarantarmu ta Katolika, inda 'yata Rifkatu take karatu yanzu. Tun a cunkoson motoci na gosulon Nyanya hankalina bai kwanta ba, don na ji an ce an rushe ajinmu na farko.

Mu fa muka gina ajin nan. Lokacin ba komai a filin sai ciyawa da bishiyar mangwaro, a ƙarƙashinta ake mana addu'ar Mas. Mu ɗebo ruwa daga rafi, iyayenmu maza su buga bulo. Ranar filasta, Sista, malamarmu, ta sa kowa ya danna tafin hannunsa a bango kafin simintin ya bushe.

Ashe da gaske an rushe. Ina tsaye ina huci sai ga Fada, limamin cocinmu na lokacin, ya tsufa har da sanda.

"Ladi, har yanzu kina nan da saurin fushin nan naki? Zo ki gani."

Ya kai mu, ni da Rifkatu, bayan sabon ginin. Bango guda suka bari a tsaye, har da rumfa, ga hannuwa birjik. Nan take na gane nawa, saboda karkataccen ɗan yatsana. Rifkatu ta ɗora nata a kai, ya rufe shi ruf.

"Mama, ashe ke ma kin taɓa zama yarinya?"

Na yi dariya har da hawaye. Fada ya ɗauka duk na dariya ne.