Ɓangaren Mai Gyaɗa

Kano, 6 ga Mayu

Zuwa ga ƙanwata Afra'u,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da ɗalibanki da duk mutanen Gaya. Idan kin je gida Gafasa ƙarshen mako, ki gaishe min da Baffa da Inna.

Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa. Labarin zanen nan naki, Burtali, wanda kike rubutawa ƙawarki Khaula tana zanawa kuna sakawa a intanet, ya faɗa hannun ogana a kamfanin gem, wato wasannin waya da kwamfuta, da nake aiki. Injiniya Abdulmumin ya gan shi a wayata, ya karɓe wayar, bai dawo min da ita ba sai da ya kai ƙarshe. So yake mu mayar da shi gem na waya, mu shiga gasar da za a yi a Abuja cikin Oktoba. Ke za ki rubuta labarin da duk maganganun, Khaula ta yi zane, mu kuma mu ji da aikin kwamfuta. Da Hausa za a yi, murya da rubutu. Na kafe a kan wannan har ya yarda.

Sharaɗi ɗaya ne. A gem ɗin, mai wasa zai zaɓi wanda zai zama: ko Hure, yarinyar da ke kora shanu ta burtali zuwa mashaya, ko Tukur, manomin da ke tsaron gyaɗarsa. Ke nan sai kin rubuta ɓangaren Tukur cikakke, kamar yadda kika rubuta na Hure.

Ina jiran amsa da wuri.

Yayanki,
Sharfaddeen

Gaya, 10 ga Mayu

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Lafiya ƙalau muke. Da na karanta wasiƙarka na yi wani ihu a ofishin malamai har mataimakin shugaba ya leƙo yana tambayar me ya faru. Khaula kuwa tun ranar take zana shanu a bayan duk takardar da ta gani.

Na yarda da komai, ban da sharaɗin naka.

Ka san ko wane ne Tukur. Duk Ajingi an sani. Malam Ɗantani na Toranke ne na sauya wa suna. Mutumin da ya nome bakin burtali har hanyar ta matse, sannan da shanun Baffa suka faɗa gyaɗarsa ya kai shi ƙara gaban dagaci. Kai kana makarantar kwana a lokacin, ni ce na gani. Na ga Baffa a tsugune, hula a hannu, jama'a sun zagaye shi. Kuma amininsa ne tun suna samari. Har yau ba sa gaisawa.

Saboda wannan ranar na fara rubuta Burtali. A labarin zane ni ce mai riƙe da akala: na nuna wa mai karatu fuskar Tukur a murtuke, ya juya shafi ya ga hawayen Hure, shi ke nan ya san inda gaskiya take. Yanzu kana so in ɗauki yaro in sa shi a rigar Tukur ya riƙa korar shanunmu yana jin daɗi? A'a, Yaya. A yi gem ɗin Hure ita kaɗai.

Inna ta ce ka daina cin abincin titi.

Ƙanwarka,
Afra'u

Kano, 2 ga Yuni

Afra'u,

Salam. Na ji saƙon Inna, ki ce mata ina ƙoƙari.

Ban ba ki amsa da wuri ba saboda na so in gwada wani abu. Na ɗebi maganganun Tukur daga labarinki yadda suke, muka haɗa ɗan gwaji, muka kira matasa daga unguwa suka buga. Ɓangaren Hure sun so shi, har suna rigimar waya. Na Tukur kuwa, kowa ya taɓa sai ya ajiye. Wata yarinya ta ce min, "Yallaɓai, wannan mutumin ba ya komai sai zagi. Me zan yi da shi?"

Gaskiya ta faɗa. A shafi ana kallon mugu ne daga nesa. A gem kai ne shi, da yatsanka yake motsi. Ba wanda zai yarda ya zauna cikin mutumin da ba a san abin da yake so ko abin da yake tsoro ba.

Ba zan ɓoye miki ba, oga ya fara kawo wata shawara: a cire gonar gaba ɗaya, a ba Hure bindiga, a cika dajin da 'yan fashi, wai shi ya fi kasuwa. Na ce masa ba za ki taɓa sa hannu ba. Ya ce to ko ɓangaren Tukur ya zo kafin ƙarshen wata mai zuwa, ko a bar maganar baki ɗaya. Ni na kawo aikin nan, ni na yi masa alkawari a gaban kowa.

Kin san kiwo tun kina goye. Me kika sani game da noman gyaɗa? Toranke ba nisa.

Yayanki,
Sharfaddeen

Gaya, 23 ga Yuni

Yaya Sharfaddeen,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya. Wasiƙar nan za ta yi tsawo, ka yi haƙuri.

Na yi fushi da kai sosai, sannan na je. Ni da Khaula muka hau mota zuwa Ajingi, daga nan muka ɗauki babur zuwa Toranke. Matar Malam Ɗantani, Baba Hanne, ita ce ta karɓe mu, ta ba mu ruwa, ta ce yana gona. Muka same shi yana noman farko, ya duƙa a kan kunya. Ya tsufa, Yaya. Na gaishe shi, na ce ni 'yar Datti ce ta Gafasa.

Ya miƙe ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ke ce mai zanen."

Na ce, "Ni ce mai rubutawa, Baba. Ga mai zanen."

Ya juya wajen Khaula ya ce, "To ke, hancina bai kai haka girma ba."

Ashe jikokinsa suna karanta masa duk fitowa. Ashe yara a kasuwa Tukur suke kiransa, idan ya wuce su yi kukan shanu. Ban san inda zan sa fuskata ba. Na ce masa na zo ne ya faɗa min yadda abin yake daga wajensa.

Sai ya miƙo min fartanya. Ya ce, "Gama min kunyar nan tukuna."

Ban kai rabi ba bayana ya riƙe. Sai da ya ga na zube a ƙasa sannan ya yi dariya, ya kai mu inuwar kuka, ya fara magana. Ya ba mu labarin gonar mahaifinsu da aka raba tsakanin 'yan uwa har kowa ya tashi da ɗan yanki. Ya faɗa mana yadda ake ajiye irin gyaɗa a tukunya ana kallonsa ga yunwa ba a taɓa shi, da yadda ruwa kan ɗauke bayan shuka mutum ya riƙa fita yana duba gabas. A shekarar rigimar, shuka biyu ta mutu masa, ta ukun ce ta kama, da ragowar irin da ya rage a gidan.

Na ce, "Amma Baba, burtalin ya matse."

Ya ce, "Ya matse. Gonar ma ta matse. Datti yana ganin hanya, ni ina ganin bakunan da ke gidana."

Na tambaye shi me ya ce da ya zo da safe ya tarar da ɓarnar. A labarina Tukur zagi yake yi yana jifa da dutse. Ya ce, "Ban ce komai ba sai innalillahi. Na ce irin baɗi ke nan ya tafi."

Tun da na dawo nake rubutu. Na gane abin da kake nufi, har na wuce inda ka tsaya. Mai wasan Tukur zai fara ne daga tukunyar iri, ya zaɓi ya ci ko ya ajiye, ya jira ruwa, ya yanke shawarar ko zai ƙara kunya ɗaya a bakin burtali. Kowace hanya ya bi akwai maganar da ta dace da ita, shi ya sa rubutun ya ninka na labarin zanen sau da yawa. Ban wanke shi ba, ban kuma rage wa Hure komai ba.

Sai abu biyu. Na farko, da na ce masa za a ɗauki wani ya yi muryar Tukur, ya ce, "In dai za a sa ni a waya, da bakina za a sa ni." Ka turo mai ɗaukar murya. Na biyu, labari ya riga ni isa Gafasa. Baffa ya amsa gaisuwata da kai kawai, ya tashi ya fita wajen shanu. Inna ta ce in ba shi lokaci.

Taka,
Afra'u

Abuja, 19 ga Oktoba

Afra'u! Afra'u!

Salam, salam, ki yafe min gajeriyar gaisuwa. Mun ci! Burtali ya ɗauki kyautar labari mafi kyau, a gaban kamfanonin Legas da suka zo da manyan alluna da fitilu. Mu teburi ɗaya aka ba mu a lungu, da wayoyi a jere.

Da farko ba wanda ya kula mu. Sai wata daga cikin alƙalan gasar, wata mata da ba ta jin Hausa ko kaɗan, ta zauna ta sa abin sauraro tana bin fassarar da ke ƙasa. Ta zaɓi Tukur. Na ga ta ajiye irin, na ga ta jira ruwa, na ga ta yi jim a kan kunyar bakin burtali, sannan ta danna ta ƙara. Da shanun suka shigo, muryar Malam Ɗantani ta fito a hankali, sai ta cire abin sauraron ta dafe kai. Can ta ce a ba ta Hure. Ta buga wannan ma, ta zo daidai wurin da hanya ta matse, shanu na jin ƙishirwa, ta ɗago ta ce min da Turanci, "Kai, ni ce fa na toshe hanyar nan ɗazu!"

Kafin la'asar layi ya kai ƙofa.

Da aka kira sunanki a dandamali, na hau na karɓi kofin a madadinki, na ce marubuciyar tana Gaya tana koyar da yara, jarrabawa ta hana ta zuwa. Oga Abdulmumin, mai maganar bindiga, shi ya fi kowa tafi. Yanzu cewa yake tun farko ya san gonar ce zuciyar abin. Na bar shi. Wasu masu buga littattafai sun karɓi lambarki, suna so a fitar da labarin zanen a takarda da ɓangarorin biyu, wani gidan rediyo kuma yana maganar wasan kwaikwayo.

Ki rungume min Khaula. Kofin zai taho a motar Gaya jibi, na ba direba amana.

Yayanki mai alfahari da ke,
Sharfaddeen

Gaya, 3 ga Nuwamba

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Kofi ya iso lafiya, yana kan teburin shugaban makaranta, ya ce a bar masa shi ya ɗan kwana biyu.

Ranar kasuwar Ajingi muka nuna gem ɗin. Matasa suka ari babban allo daga gidan kallon ƙwallo, aka kafa a rumfa. Masu buhunan gyaɗa da masu shanu suka cika wurin, kowa yana yi wa mai wasa ihun abin da zai zaɓa. Wani Bafulatani daga wajenmu ya karɓi wayar ya ce shi Tukur zai yi, ya ga abin da manoma suke ta kuka a kai. Da shanu suka doso gonarsa ya miƙe tsaye yana daka musu tsawa da Fulatanci, rumfar ta kece da dariya.

Malam Ɗantani ya zo da babbar riga. Yara suka bi shi suna "Tukur! Tukur!" amma wannan karon hannu suke miƙa masa, shi kuma yana ɗaga musu sanda kamar ɗan takara. Ya kira ni gefe ya ce, "Yarinya, kin mayar min da sunana."

Na yi ta duba cikin taron. Baffa bai zo ba.

Ƙanwarka,
Afra'u

Gafasa, ranar Lahadi

Zuwa ga 'yata Afra'u,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya. Malam Zubair maƙwabcinmu ne yake rubuta min.

Ya nuna min abin naku a wayarsa. Na ce ya sa min ɓangaren mai gyaɗa, yana dannawa ina faɗa masa abin da za a yi. Shanu suka shiga gonar ina kallo. Na ji muryar.

Ranar Juma'a na je Toranke. Na yi sallama a ƙofar gidan Ɗantani, ya fito, muka tsaya. Ya ce, "Datti, ka tsufa." Na ce, "Kai ma." Aka shimfiɗa mana tabarma, ban taso ba sai bayan la'asar.

Ki karɓo kofin nan daga wurin shugabanku ki taho da shi ranar Asabar, ke da mai zanen. Ki gaya wa yayanki shi ma ya zo. Ɗantani da iyalinsa za su zo, na ware rago.

Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Datti