Kabarin Aro a Sharlerwa

Milano, 9 ga Yuli

Zuwa ga 'yata Naziha,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da duk mutanen Wazzan.

Yau kwananmu tara a hanya. Yayanki Driss da matarsa Btissam sun ga Barsalona, sun ga Marsai, yanzu suna zaga Milano. Ni kuwa wuraren ajiye motoci na gani, babu wanda ya wuce ni. Driss ya ce abincin Turawa tsada gare shi, ga ɓarayi, don haka sai su bar ni a gindin mota da ɗan risho. Kafin su dawo tajin, dahuwar naman nan tamu ta gida, ya nuna, shayi ya haɗu, sai Btissam ta nuna mini hotunan abin da suka gano. Jiya na roƙa a kai ni in ga babban cocin garin ko daga nesa, ta ce ƙafata za ta ci musu lokaci.

Ba ƙorafi nake ba. Ba kallo ya fito da ni ba. Shekara talatin da uku mahaifinku yana kwance a garin Sharlerwa, tun da ramin haƙar kwal ya cinye masa huhu, ban taɓa tsayawa a kansa ba. Na ɗebo ruwan rijiyarmu a gora zan zuba masa. Saboda wannan, ko sharar mota aka ce in yi zan yi.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifiyarki, Rkia

Burussel, 17 ga Yuli

Naziha, sallama. Ya gida?

Ki karanta ke kaɗai. Kabarin Baba babu shi. A nan hayar kabari ake yi, shekara talatin. Takardar sabuntawa ta zo mini, na jefa a durowa, wa'adi ya wuce, suka kwashe. Tun kafin mu taso na sani. Da na faɗa wa Yemma, mahaifiyarmu, da ba ta biyo mu ba, kuma kin san Btissam ba ta girki a lokacin hutu.

Na kai ta ɓangaren Musulmi na wata maƙabarta, na zaɓi dutsen da babu harafin Larabci ko ɗaya a jikinsa, tunda ba ta karanta boko. Ina jin wani Baturke ne. Ta durƙusa, ta zuba ruwanta, ta yi ta ba shi labarin aurenki da haihuwarki har awa biyu. A dalilinta muka rasa shiga gidan tarihi ranar da ake shiga kyauta, amma ban ce uffan ba.

Kowa dai ya samu abin da ya zo nema. Kada ki fara mini wa'azin nan naki.

Sai mun zo. Yayanki, Driss

Wazzan, 25 ga Yuli

Driss,

Sallamar Musulunci kawai nake maka, ita ma don dole.

Ka bari an kwashe ƙasusuwan ubanka kamar shara, ka mayar da uwarka kuku da maigadi, sannan ka sa ta yi kuka a kan mijin wata. Wallahi na tsane ka, kuma ba na jin kunyar rubutawa. Ka gaya mata ina da magana da ita. Ranar da ta sauka daga jirgin ruwa a Tanja zan faɗa mata komai.

Allah ya isa tsakaninmu.
Naziha

Faris, 2 ga Agusta

'Yata Naziha,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga mahaifinku. Tun ranar nake cin abinci kamar yarinya, ciwon ƙirjin nan ma ya sake ni.

Wurin kabarin da na tanada kusa da uwata a Wazzan, ki ce a bai wa wani. Na sa Driss ya dafa Alƙur'ani cewa a gefen mahaifinku zai binne ni. Ko musu bai yi ba, ɗan albarka.

Ya ce kina da magana da ni. Lafiya dai ko?

Mahaifiyarki, Rkia