Auta da Yayansa a Filin Mayahi

Attantané, 14 ga Satumba

Zuwa ga matata Mardiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da jaririyarmu. Yaya ruwan zafi? Allah ya sa a gama wanka lafiya. Ki gaishe mini da Inna da duk mutanen Tessaoua, ki ce ina godiya da ɗawainiya.

Kin san yarana na kolej, ƴan ƙasa da shekara sha biyar, sun saba cin tsararsu ko gumi ba su yi ba. Shi ya sa a gasar share fage ta Mayahi na sa su cikin rukunin kade, wato manya ƴan sha bakwai, don su ji jiki kafin a buɗe kakar wasa. Wasan farko an zuba mana huɗu. Ba cin ne ya dame ni ba. Abin da na gani shi ne, in babba ya taho da ƙwallo sai yarana su kauce, kamar sun gamu da dattijo a lungu.

Ranar Lahadi da kade na garinmu za mu kara, kuma ɗan gabansu Mutari ne, yayan Auta mai tsaron bayana. Tun da babansu ya tafi Agadas neman aiki, Mutari ke goya shi a keke zuwa lakwal, wato makaranta. Na ce wa Auta shi zai tsare shi. Ya sunkuyar da kai, ya tambaye ni ta yaya zai sa wa Yaya ƙafa da rana, da dare kuma su sa hannu a kwano ɗaya. Mardiya, ni ke koya musu russunawa in za su gaida babba. Duk da haka na ce masa a fili babu yaya babu ƙane. Na faɗa da ƙarfi, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Ki shafa mini kan ƴar baba.

Mijinki,
Lamine

Attantané, 19 ga Satumba

Mardiya,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Ƙulin da kika aiko ya iso, na gode.

Auta ya bi maganata. Ya hana Mutari sakat, har can wajen ƙarshe ya zare masa ƙwallo tsaf, Mutari ya kife a rairayi. Ƴan kabu-kabu suka hau ihu wai auta ya kada babba, ƴan mata masu tallan gyaɗa na ta shewa. Sai Auta ya bar ƙwallon, ya durƙusa yana kakkaɓe wa yayansa jiki yana ba shi haƙuri. A nan wani ya ɗauke ƙwallon ya ci mu. Ban ji haushi ba, har ƙwalla na yi.

Amma tun ranar Mutari bai yi masa magana ba. Jiya Auta ya kawo mini rigar wasansa a ninke, ya ce ya bar ƙwallo. Mahaifiyarsu Zara'u ta aiko a tambaye ni, wai ni Mushe, malaminsu, karatu aka ba ni yara in koya musu ko raba zumunci. Na so in ƙarfafa musu ƙafa, ga shi ina tsoron na raba wa da ƙane. Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Lamine

Attantané, 23 ga Satumba

Mardiya tawa,

Da fatan kun tashi lafiya. An ce jaririya ta fara murmushi, Allah ya raya mana ita.

Na bi Auta da Mutari gona, na tarar suna ɗaurin damin hatsi, kowa a nasa gefen. Na ja Mutari gindin gawo, na fara ba shi haƙuri a kan kayen da ya sha. Ya dube ni kamar ban san ƙwallo ba. Ya ce kaye kam wa bai sha ba? Abin da ya ƙona masa rai shi ne kakkaɓar. Wai a gaban duk Mayahi ƙanensa ya tausaya masa kamar tsoho ya faɗo daga jaki, har abokansa sun laƙaba masa Baba Sannu. Ya ce da yaron ya wuce da ƙwallon, shi da kansa zai riƙa bugun ƙirji cewa ƙanensa ne.

Na roƙe shi ya faɗa wa Auta da bakinsa. Ya daɗe yana murza zangarniya a hannu. Can ya ɗaga murya ya kira Auta sakarai, ya ce in ya sake tsayawa tada shi a fili, to a gida zai tattaka shi, kuma maza ya je ya karɓi rigarsa wajen Mushe. Auta bai ɗago kai ba, amma na ga kafaɗunsa na rawa don dariya.

Da la'asar ya zo ya karɓa. Ya tambaye ni ko Lahadi mai zuwa akwai wani yayan da za a tsare.

Ki gaida kowa da kowa. Ina ɗokin ganinku.

Mijinki mai kewarki,
Lamine