Me Ya Sa Ba Sifili Ba?

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya ciwon bayan? Mu nan lafiya, in ban da Baba.

Ya daina zuwa wankin ƙoda, wai ya gaji da kwanciya gefen inji yana kallon silin. Na lallasa, na yi kuka, har faɗa na yi, ka san bakina. Sai ya yi dariya, wai ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koya wa likitoci cewa faɗa ba ya canza mutum, ga 'yar cikinsa ta faɗi jarrabawa. Ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ba ya shiga.

Jiya Dogo ya zo, tsohon ɗalibinsa da ya gaji kujerarsa a sashen halayyar ɗan Adam. Bai ba shi shawara ba, saurare kawai ya yi. Can sai ya yi masa tambayar da Baba kan yi wa masu shan sigari da masu ƙin magani: daga sifili zuwa goma, nawa yake son komawa asibiti? Baba ya harare shi, wai da wuƙarsa za a yanka shi? Amma ya amsa, ya ce ɗaya.

Da ni ce, cewa zan yi don me ba goma ba. Dogo kuwa, yadda aka koya masa, ya tambaya me ya sa ɗaya, ba sifili ba. A nan mutum kan faɗi dalilinsa da bakinsa.

Baba ya daɗe yana kallon ƙofa. Sannan ya ce akwai wanda ya kora ta nan, bai dawo ba tukuna.

Yaya, na san da ciwo. Mutumin da ya yi haƙuri da kowane mashayi, kai da ka bar karatu ka kama kanikanci bai saurare ka ba. Amma likita ya ce in bai koma ba kwanansa kaɗan ne, kuma wallahi tsoro nake ji.

Ba zan ce ka zo ba, Baba ya hana mu wannan. Tambaya kawai zan yi: daga sifili zuwa goma, nawa ce taka? Ko ɗaya ce ta isa. Tasa ma ɗayar ce, kuma kai ne.

A gaida yara.

Ƙanwarka,
Auta